Neman bayanan mutum a ofisoshin gunduma a Amurka: ta ina ake farawa

Babu wani ofishi a Amurka da za ka shiga, ka faɗi sunan mutum, a ɗauko maka fayil guda mai ɗauke da labarinsa. Ƙasar ba ta da rajistar mazauna, kuma ɗan ƙasa da ya tashi daga wannan gari zuwa wancan ba dole ba ne ya je ya yi wa wata hukuma rajistar sabon mazauninsa. Abin da ake ajiyewa shi ne shaidar abubuwan da suka faru: an sayi gida, an ɗaura aure, an shigar da ƙara, an yi rasuwa, an raba gado. Kowanne yana barin takarda a ofishin da ke da alhakinsa, a gundumar da abin ya faru (gunduma ita ce county, yankin mulki da ke ƙarƙashin jiha). Saboda haka tambayar da ke kai mutum ga takarda ba "wane ne wane?" ba ce, "me ya yi, a ina, a wace shekara?" ce. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Sai ka fara tantance gundumar, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓacewa tun ba su tashi ba. Gundumomin Amurka sun haura 3,000. Texas kaɗai tana da 254, Delaware kuwa uku kacal. Sunan garin da ke kan adireshi ba ya nuna gunduma. Birnin Atlanta ya ratsa Fulton da DeKalb. Mafi yawan Houston yana cikin Harris, amma gefensa ya shiga Fort Bend da Montgomery, kuma akwai wata gunduma daban mai suna Houston a jihar da ba ta haɗa komai da birnin ba. Gundumomi masu suna Washington suna nan a jihohi kusan 30. Hanya mafi aminci ita ce ka sa cikakken adireshin a manhajar gano wuri ta Hukumar Ƙidaya ta Amurka, wadda kyauta ce, ta gaya maka gundumar da gidan yake.

Wasu wuraren kuma tsarinsu ya bambanta. A Louisiana ana kiran gunduma parish, a Alaska borough. Connecticut ta soke gwamnatocin gunduma tun 1960, don haka takardun filaye suna hannun magatakardan kowane gari, haka ma a Rhode Island da Vermont. Virginia tana da birane 38 masu cin gashin kansu da ba sa ƙarƙashin kowace gunduma, kamar yadda Baltimore da St. Louis suke. Birnin New York gundumomi biyar ne: Brooklyn ita ce Kings, Staten Island ita ce Richmond. In ka rubuta wa ofishin da ba shi ba, za a amsa maka cewa babu komai, kuma gaskiya suka faɗa.

Takardun gida da fili su ne suka fi kowanne buɗewa, su ne kuma suka fi faɗin abubuwa da yawa game da mutum, shi ya sa ya dace a tsaya a kansu. Ofisoshi biyu ne ke riƙe da su, kuma bai kamata a gwama su ba. Na farko ofishin ƙiyasta darajar kadara ne domin haraji, wanda ake rubuta Assessor a ƙofarsa a yawancin jihohi, a Ohio kuma Auditor, a Texas kuwa hukuma ce ta daban mai ƙiyasi a kowace gunduma. A shafinsa kana iya bincike da adireshi, ka ga sunan mai gidan, girman filin, shekarar gini, darajar da aka yi masa, da adireshin da ake aika takardar haraji. Wannan adireshin na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, domin in ya bambanta da na gidan, alama ce mai gidan ba ya zaune a ciki. Abin da za ka kwafa ka ajiye daga nan shi ne lambar fili. Da ita ake bin gidan a sauran ofisoshi, har da na ma'aji inda za ka ga ko an biya haraji ko ana bin bashi.

Amma shafin mai ƙiyasi ba hujjar mallaka ba ne. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, bai sauya sunan ba bayan an yi ciniki. Hujja tana ofishi na biyu, wato ofishin rajistar takardun filaye, wanda sunansa ke sauyawa daga jiha zuwa jiha: Recorder, ko Register of Deeds, ko County Clerk. A Georgia da Maryland magatakardan kotu ne ke wannan aikin. A gundumar Cook, inda Chicago take, an haɗe ofishin da na magatakardan gunduma a ƙarshen 2020, don haka tsohon adireshi na iya ɓatar da kai. Hawaii kuwa ofishi ɗaya ne na jiha gaba ɗaya.

Yawancin waɗannan ofisoshi ba sa jera takardu bisa adireshi. Bisa suna suke jerawa, a fihirisa biyu: ta masu bayarwa da ta masu karɓa. In kana son tarihin gida, ka nemi sunan mai shi na yanzu a fihirisar masu karɓa, ka samu takardar da ya saya da ita, ka ga sunan wanda ya sayar masa. Sai ka nemi wancan shi ma a cikin masu karɓa, a shekarun baya, ka ci gaba da komawa har inda kake so. Daga nan ka juyo, ka nemi kowane ɗayansu a fihirisar masu bayarwa, iya shekarun da gidan ya yi a hannunsa. A wannan juyowar ce ake ganin abin da ya ɗora wa gidan: jinginar banki, bashin ɗan kwangilar da ba a biya ba, bashin haraji, hukuncin kotu, ko sanarwar cewa ana shari'a a kan filin. Kowace takarda tana da lambar littafi da shafi, ko lambar rajista guda. Rubuta ta, domin da ita kaɗai ake neman kwafi ba tare da an sake bincike ba.

Kuskure biyu ne ke yawan faruwa a nan. Na ɗaya, mutum ya ga takardar jingina ya ɗauka har yanzu ana bin bashin. Ba a cire tsohuwar takarda daga rajista in an gama biya, wata sabuwa ake shigarwa mai nuna an saki gidan, don haka sai ka nemi wannan ta biyun kafin ka yanke hukunci. Na biyu, a ga kuɗin da aka rubuta a takardar mallaka a ɗauka shi ne farashi. Sau da yawa abin da ke rubuce shi ne dala goma da wasu abubuwa masu daraja, lafazin lauyoyi ne kawai. A jihohin da ake biyan harajin sauya mallaka ana iya lissafo farashin daga harajin da aka buga a kan takardar. A wasu jihohin, irin su Texas, doka ba ta wajabta bayyana farashin ba sam. Ka kuma lura da irin takardar. Akwai wadda mai sayarwa ke ba da tabbacin cewa gidan nasa ne ba rigima, akwai wadda yake cewa kawai ya sallama duk wani haƙƙin da yake da shi, in ma yana da shi. Irin ta biyun ta fi yawa tsakanin dangi, ko bayan rabuwar aure, kuma ita ce masu damfara suka fi so.

In ka tarar gidan na sunan kamfani ne ko asusun amana (trust, inda wani ke riƙe kadara a madadin wani), gunduma ba za ta ƙara maka komai ba sai sa hannun da ke ƙasan takardar. Rajistar kamfanoni tana ofishin sakataren jiha a mafi yawan jihohi. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa da ke aiki da sunan da ba nasa ba, a jihohi da dama gunduma ce ke riƙe da rajistar sunan kasuwancinsa, da sunansa na gaskiya a jiki.

Kotu ita ce wuri na biyu mafi yalwa, kuma mafi ruɗarwa, domin gunduma ɗaya tana iya samun magatakarda biyu ko uku. A Texas magatakardan gunduma yana riƙe da takardun aure da na filaye da ƙananan laifuffuka, amma sakin aure da manyan laifuffuka suna hannun magatakardan kotun yanki. A New York kotun da ake kira Supreme Court ba kotun ƙoli ba ce, kotun farko ce ta kowace gunduma, gado kuma yana wata kotu daban mai suna Surrogate's Court. A Ohio da Georgia kotun gado ce ke ba da lasisin aure. Kafin ka ce "ba a taɓa kai shi kotu ba", ka tabbata ka duba ɓangaren ƙararrakin jama'a, da na laifuffuka, da na iyali, da na gado, da ƙaramar kotun da ke sauraren rikicin haya, domin kowanne yana iya samun fihirisarsa.

Abin da za ka fara gani shi ne jerin matakan shari'ar da ranakunsu. Karanta shi har ƙasa. Tuhumar da ke saman shafi ita ce wadda aka fara da ita, ba lallai ita ce aka ƙare da ita ba. Ana iya rage ta, ana iya korar ƙarar, ana iya wanke mutum. Wannan ya fi tsanani a jerin sunayen waɗanda ke tsare da ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ke wallafawa. Kamu ba hukunci ba ne. Mutum na iya kwana ɗaya a tsare, a sake shi ba tare da an tuhume shi ba, amma hotonsa ya yi shekaru yana yawo a shafukan da ke kwashe irin waɗannan bayanai. Yaɗa irin wannan hoto ba tare da duba ƙarshen shari'ar ba zalunci ne, kuma yana iya jawo wa mai yaɗawa ƙarar ɓata suna.

Fayil ɗin gado ya cancanci kulawa ta musamman ga mai neman dangi ko haƙƙin mamaci. Wasiyya tana zama takardar jama'a da zarar an shigar da ita kotu, kuma fayil ɗin yakan ƙunshi sunayen magada, wanda aka naɗa ya kula da dukiyar, da jerin kadarori. Ana buɗe shi ne a gundumar da mamacin yake zaune, ba inda asibitin da ya rasu yake ba. In ba ka sami komai ba, ba yana nufin bai bar dukiya ba: gidan da ma'aurata suka mallaka tare da sharaɗin wanda ya rage ya gaje, da kadarar da aka sa a asusun amana, ba sa bi ta kotun gado.

Wasu fayilolin a rufe suke, kuma roƙo ba ya buɗe su: shari'ar yara, ɗaukar riƙon yaro, da laifin da kotu ta ba da umarnin a shafe. A New York fayil ɗin sakin aure a rufe yake ga kowa ban da ma'auratan da lauyoyinsu har shekara 100. Shari'ar karyewar arziki da laifuffukan tarayya kuwa ba sa gunduma sam. Suna tsarin PACER na kotunan tarayya, inda ake biyan senti 10 a kan kowane shafi, ba ya wuce dala 3 a yawancin takardu, kuma ana yafe kuɗin in bai wuce dala 30 a wata uku ba. Takardun shige da fice ma na tarayya ne. Sai dai mai binciken tarihi ya sani cewa kafin 1906 kotunan gunduma ma suna ba da shaidar zama ɗan ƙasa, don haka tsofaffin takardun suna can.

Takardun haihuwa da rasuwa su ne suka fi tsauri, domin da su ake satar sunan mutum. Kowace jiha da dokarta. Texas tana rufe takardar haihuwa shekara 75, ta rasuwa shekara 25, a tsawon lokacin kuma sai mai ita, ko dangi na kusa, ko wanda ya nuna haƙƙi na shari'a. California tana ba kowa kwafi na sanarwa kawai, wanda aka buga wa gargaɗin cewa ba ya tabbatar da ko wane ne mutum, amma kwafin da hukuma ke karɓa sai wanda doka ta lissafa, da rantsuwa a rubuce. Ohio kuwa a buɗe take. Takardar aure ta fi sauƙin samu, amma ka neme ta a gundumar da ta ba da lasisin, ba inda aka yi bikin ba, ba kuma inda ma'auratan ke zaune yanzu ba. California tana da wani nau'in lasisin aure na sirri wanda ba wanda zai gani sai ma'auratan ko da umarnin kotu.

Rajistar masu zaɓe tana ofishin zaɓe na gunduma. A Florida da North Carolina da Ohio yawancinta a buɗe take, da suna da adireshi da zaɓukan da mutum ya fita, wasu jihohin kuma sun taƙaita ta ga 'yan takara da jam'iyyu da masu bincike. Wanda mutum ya zaɓa ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Babbar matsalar da ta ratsa duk waɗannan ofisoshi ita ce suna. Magatakarda yana shigar da abin da ya gani a takarda ne, kuma kwamfuta ba ta yi maka hasashe. Mai suna Muhammad na iya bayyana da rubutu huɗu ko biyar a gunduma ɗaya. Sunan da ya fara da Abdul ana iya raba shi biyu, ana iya haɗe shi, ana iya sa ɗan layi a tsakani. Ana juya sunan uba ya zama na farko. Mace na iya sayen gida da sunan gidansu ta sayar da sunan miji. Dabarar ita ce ka rubuta haruffa uku ko huɗu na farkon sunan kawai, ka bar sauran, sannan ka gwada juya sunayen. Ɗaya gefen matsalar ya fi haɗari: mutum biyu masu suna ɗaya. Fihirisar filaye ba ta ɗauke da ranar haihuwa, kotuna da yawa ma sun ɓoye ta a intanet. Kada ka jingina wa mutum bashi ko laifi sai abu biyu aƙalla sun dace ban da suna, kamar ranar haihuwa da adireshi, ko sunan tsakiya da sa hannu.

Ka kuma duba daga wace shekara bayanan intanet suka fara. Tsarin ACRIS na binciken takardun filaye a birnin New York, misali, ya fara ne daga 1966, kuma bai haɗa da Staten Island ba. Wasu ƙananan gundumomi ba su wuce shekarun 1990 ba. Abin da ya gabaci haka yana cikin manyan littattafai ko maikurofim a ofishin, ko an kai shi ma'ajiyar tarihi ta jiha. Wasu gundumomin California ba sa nuna sunan mai gida a intanet ko kaɗan, sai ka je da kanka ka zauna gaban kwamfutar ofis. Iyakokin gundumomi ma sun sha sauyawa, don haka takardar ƙarni na 19 tana iya zama a gundumar uwa da aka yanko wannan daga cikinta. Ɗakin karatu na Newberry a Chicago yana da taswirar waɗannan sauye-sauye. Wasu kuma wuta ta cinye, kamar takardun gundumar Cook a gobarar 1871.

In abin da kake nema ba ya cikin fihirisa, kamar rahoton 'yan sanda, ko izinin gini, ko rahoton masu duba lafiyar gida, sai ka rubuta buƙata. Kada ka ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ta 1966, domin hukumomin tarayya kaɗai ta shafa. Ambaci dokar jihar. Wa'adinsu ya bambanta: New York da Illinois da Pennsylvania kwana biyar na aiki ne don amsa ta farko, California kwana goma. Amsar farko ba ita ce takardar ba, sau da yawa sanarwa ce kawai cewa an karɓa. Wasu jihohi, irin su Virginia da Tennessee, suna iya ƙin amsa wa wanda ba ɗan jihar ba, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince wa Virginia da haka a 2013. Dokokin nan galibi ba su shafi fayilolin kotu ba, waɗanda ke da ƙa'idojinsu.

Buƙata mai kyau gajeriya ce. Faɗi irin takardar, cikakken suna da sauran rubuce-rubucensa, adireshi ko lambar fili ko lambar ƙara, da tsakanin shekarun da za a duba. Nemi a turo ta imel, ka kuma ce a sanar da kai kafin a ci gaba in kuɗin zai wuce adadin da ka yanka. Kada ka rubuta "duk abin da kuke da shi a kan wane", domin ofishi ba ya da wajibin ƙirƙiro sabuwar takarda ko amsa tambaya, wajibinsa miƙa wadda ke akwai ne. In an hana ka, nemi a rubuta maka sashen dokar da aka dogara da shi, domin da shi ake ɗaukaka ƙara. Kira ɗaya ta waya kafin ka aika kuɗi yana da daraja, matambayi ba ya ɓata. Ma'aikacin ba zai ba ka shawarar lauya ba, doka ta hana shi, amma zai gaya maka wane tebur ne, wane fom ne, da ko suna karɓar kati ko sai takardar kuɗi ta gidan waya.

Shafukan da ke sayar da "cikakken rahoto" a kan mutum daga waɗannan ofisoshi suke kwaso yawancin kayansu, su gauraya da tsofaffin adireshi da sunayen da ba su da alaƙa. Suna iya ba ka hasken gundumar da za ka duba, amma ba hujja ba ne. Duba adireshin shafin da kyau, domin da yawa suna kwaikwayon na hukuma. Haka wasiƙun da ke zuwa wa sabon mai gida suna neman kuɗi mai yawa don kwafin takardar mallakarsa, alhali ofishin rajista yana ba da ita a kan 'yan daloli.

Kasancewar takarda a buɗe ba ya halatta kowane amfani da ita. In za ka yanke shawarar ɗaukar ma'aikaci, ko ba da haya, ko ba da bashi bisa rahoton da wani kamfani ya haɗa maka, dokar tarayya ta 1970 kan rahoton masu hulɗa ta shigo: don aiki sai da izinin mutumin a rubuce, kuma in ka ƙi shi saboda rahoton dole ka sanar da shi, ya sami damar ƙalubalantar kuskure. Bayanan lasisin tuƙi da lambar mota an rufe su da dokar 1994, bayan kisan 'yar wasan kwaikwayo Rebecca Schaeffer a 1989 da wani ya yi bayan an samo masa adireshinta daga ofishin motoci na California. Jihar Washington ta fara shirin ɓoye adireshin waɗanda suka tsere wa cin zarafi a 1991, yawancin jihohi kuma sun bi. In wani ya roƙe ka ka nemo masa inda matar da ta bar shi take, kada ka yi, ko da kana iyawa. Neman wanda kotu ta ba kariya daga gare ka laifi ne mai kai mutum kurkuku.

Saura batun kwafi. Kallo a ofis galibi kyauta ne, kwafi kuma iri biyu ne: na kawai, da mai hatimin magatakarda. Banki da kotu da ofishin fasfo mai hatimi suke karɓa, kuma hoton mai hatimi ya koma na kawai, don haka ka ƙirga wurare nawa za ka kai ka sayi adadinsu a lokaci ɗaya. In takardar za ta fita ƙasar, hatimin gunduma bai isa ba. Sai an kai ta ofishin sakataren jihar da ta fito, ba wata jiha ba. Ga ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan amincewa da takardun juna, tabbacin da ake kira apostille ya wadatar. Ga sauran ƙasashe akan bi da ita ta Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. A New York akwai ƙarin mataki: magatakardan gunduma yana fara tabbatar da sa hannun da ke kan takardun birni ko na notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu, kafin jiha ta karɓa, kuma takardar da ta tsallake wannan matakin dawo da ita ake yi.